Yadda Na Gano Tsufa Yana Ƙara Gero

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban malaman sashenmu, cikin kwat ɗin aro mai gajeren hannu, na tabbatar musu da hujjar lissafi cewa tsufa yana ƙara wa manomi gero ba. Na faɗa da Turanci, na haska a majigi, har na ɗan dakata don maganar ta shige su sosai. Yanzu shekaru sun ja, abin ya huce, shi ya sa nake iya ba da labarin a tsanake. A lokacin kam ko 'yan ɗakinmu ban yarda su ɗauko zancen ba.

Ina shekarar ƙarshe ne a sashen lissafi da ƙididdiga. Duk wanda ya bi ta jami'a ya san a wannan shekarar ake ba ɗalibi aikin bincike nasa na kansa, wanda muke ce wa furojek. A haɗa shi da malamin da zai riƙa duba masa, a ƙarshe kuma ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Idan furojek bai wuce ba, ko ka cinye sauran darussa kaf, ba za ka fita tare da 'yan ajinku ba. Ni kuwa fita a waccan shekarar ta zame min dole, domin Baba ya riga ya gama shela. Daga masallacin unguwarmu har teburin mai shayi a tashar Ɗambatta, babu wanda bai ji cewa ɗansa zai gama jami'a bana ba. (Baba ba mai yawan magana ba ne. Wannan ce kaɗai maganar da na san ya sakar wa baki a rayuwarsa, kuma a kaina ta faɗo.)

Yawancin 'yan ajinmu sun bi hanya mai sauƙi, suka kwaso alƙaluman da wasu suka riga suka tara, suka juya su a kwamfuta. Ni na ce Allah ya kiyaye. Ni ɗan manoma ne, a ƙauyenmu zan tattaro nawa da hannuna, in auna ko yawan takin zamanin da mutum ya zuba yana da alaƙa da yawan geron da ya girba. Malamar da aka haɗa ni da ita, Dakta Asabe, ta yaba da shawarar. Gwana ce a lissafi, amma haifaffiyar birni ce, gero a kunu da fura ta san shi. Ta ce in rubuta jerin gidajen ƙauyen, in zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, in bi su gida-gida, in tambayi kowane magidanci shi kaɗai. Ta maimaita "shi kaɗai" sau biyu. Na gyaɗa kai irin na wanda ake koya wa hanyar gidansu.

Da hutu ya zo na hau bas zuwa Ɗambatta, daga nan babur ya ƙarasa da ni gida, da takardun tambayoyi cike da jaka. Tambayoyin ba su da yawa: shekarunka nawa, buhun taki nawa ka zuba bara, dami nawa na gero ka samu. A wajenmu da dami ake ƙirga gero, wato ƙunshin zangarniyar da ake ɗaurewa bayan girbi kafin a kai rumbu. Ba a shiga gidajen mutane da takarda ba tare da Mai unguwa ya sani ba, don haka washegari na je na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To, me zai sa ka yi ta yawo gida-gida a ranar nan kamar mai tallan maganin ɓera? Bari Juma'a ta zo. In an sauko daga masallaci zan tara maka su a nan ƙofar gida, ka yi aikinka a zaune."

Na yi godiya har da ƙari. A hanyar komawa gida ina ta yaba wa kaina, aikin sati uku zai ƙare a yini ɗaya. Maganar Dakta Asabe ta ɗan leƙo a raina, na ce ai ita ba ta san yadda ake tafiyar da ƙauye ba.

Ranar Juma'a kuwa aka cika. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, har mutanen unguwar gabas masu zuwa coci Mai unguwa ya aika aka kira, suka zo. Kowa ya zauna inda ya saba zama, dattawa kusa da Mai unguwa, masu bi musu a bayansu, sabbin magidanta can bakin tabarma inda inuwa ta ƙare. Aka kawo min benci da ruwan randa. Ni da na saba tsugunawa a wannan wurin, yau ga ni a kan benci da biro a hannu. Na sanar da su cewa ba zan rubuta sunan kowa ba, lamba zan ba kowa, saboda sirri. (Sirri, a gaban mutum hamsin da biyu da akuya uku. Ni dai na faɗa, kuma babu wanda ya yi dariya.)

Mai unguwa ya fara, don babu wanda zai riga shi. Ya ce shekarunsa tamanin da ɗaya, gero kuma Alhamdulillahi, dami sittin. Na rubuta. Na kusa da shi ya ce Mai unguwa ya girme shi da shekara biyu, gero kuma dami hamsin da takwas. Na rubuta. Na gaba ya ce wanda ya gama magana ya ba shi shekara ɗaya, gero hamsin da biyar. Haka aka yi ta gangarowa. Da yawansu ba su riƙe shekarar haihuwarsu ba, sai dai kowa ya san wanda ya girme shi da wanda ya girma, don haka da junansu suka yi ta auna shekarun, ni kuma ina ragewa ina rubutawa. Kaina a sunkuye yake tun daga farko har ƙarshe. Amsa ta shiga kunne, ta gangara hannu, ta sauka a takarda, ba ta ko biya ta ƙwaƙwalwa ba. Kafin a kira la'asar na gama, na ƙarshe wani ango ne da ya ce dami goma sha biyu, a hankali, yana kallon ƙasa.

Mutum ɗaya ne bai samu zaman ba, Ɗanladi na unguwar gabas, magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya tafi Watari neman irin tumatir. Ranar da zan koma makaranta muka haɗu a tasha, mu biyu kawai muna jiran mota. Ya ce ya ji an yi rubutu ba ya nan, a sa shi mana. Na zaro takarda. Ya ce dami tamanin da biyar. Na dube shi, na rubuta, a raina na ce wannan akwai cika baki.

Da na koma na zuba alƙaluman a kwamfuta, kowane manomi ya zama ɗigo ɗaya a zane. Na fara da taki, abin da na je nema. Babu wata alaƙa ta a zo a gani. Don kada zaman ya tashi a banza sai na ce bari in gwada shekaru. Ina dannawa ɗigogin suka jeru reras, daga ango a ƙasa har Mai unguwa a ƙololuwa, layi miƙaƙƙe kamar sahun sallar Idi. Akwai ma'aunin da muke auna ƙarfin alaƙa da shi, wanda iyakarsa ɗaya. Nawa saura ƙiris ya taɓa ɗayan. A duk littattafan da muka karanta ban taɓa ganin irinsa ba, sai a misalan da marubuci ya ƙirƙira don koyarwa.

Ɗigo ɗaya ne ya fanɗare, ya haye can sama shi kaɗai. Ɗanladi ne. A karatunmu akwai sharuɗɗan da ake bi kafin a cire ɗigon da ya ware daga 'yan'uwansa. Ni sharaɗi ɗaya na bi, yana ɓata min zane. Na cire shi, na rubuta a ƙasan shafi cewa da alama mai amsar ya yi ƙari.

Dakta Asabe ta daɗe tana kallon zanen. Ta cire gilashi ta goge ta mayar.

"Layin nan ya yi kyau da yawa," ta ce. "Gaya min gaskiya, ba a ɗaki ka zauna ka cike takardun nan ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwaso takardun duka na zube mata, wasu da jirwayen ruwan randa a jiki, na ce duk wanda take so a cikinsu zan kira mata shi a waya. Ta ga da gaske nake, ta ba ni haƙuri. Ta tambaye ni ko na ƙirƙira, na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ba ta tambaye ni yadda aka yi zaman ba, ni ma ban ga dalilin ɗauko shi ba. A babin da ake bayanin hanyar bincike na rubuta cewa "an gana da manoman a ƙauyensu", wanda shi ma ba ƙarya ba ne.

Daga nan kaina ya kumbura. Na canza wa furojek suna, taki ya koma gefe, shekaru suka hau kan gaba. Na cika shafi goma sha ɗaya da bayanin dalili: dattijo ya san ƙasa, ya san lokacin shuka, ya ga damina iri-iri. Na ba gwamnati shawara ta riƙa haɗa kowane matashin manomi da dattijo. 'Yan ajinmu suka fara kirana Farfesa, ni kuma ina amsawa. Har na fara tunanin wace mujallar masana ce ta dace da aikin.

Ranar kare furojek aka cika ɗakin taro na sashe, malamai a gaba, ɗalibai a baya suna jiran layinsu. A tsakiyar malaman akwai baƙo, wani Farfesa da aka gayyato daga wata jami'a don ya tantance mu. Gajeren dattijo ne cikin farin yadi, tun safe bai ce wa kowa komai mai tsawo ba. Na yi bayanina tiryan-tiryan, na haska zanen, na yi ɗan dakatawar nan da na ambata. Wani malami ya gyaɗa kai. Farfesa kuwa bai ko kalli majigin ba, yana can ƙarshen kundin furojek ɗina yana bin jerin alƙaluman da yatsa. Da ya ɗago sai ya ajiye Turanci gefe.

"Ɗan ina ne kai?"

Na faɗa masa.

"Ni daga wajen Gezawa nake," ya ce. "A ina ka yi wa mutanen nan tambayoyi?"

"A ƙofar gidan Mai unguwa, yallaɓai."

Ta gefen ido na ga Dakta Asabe ta ajiye bironta.

"Dukansu a zama ɗaya?"

"Eh, yallaɓai. Don a rage ɓata lokaci."

"Madalla. Wa ya fara amsawa?"

"Mai unguwa."

"Shi ne wancan na can sama?"

"Shi ne."

"Mahaifinka yana noma?"

"Yana yi, yallaɓai. Yana ma cikin jerin, shi ne lamba goma sha tara." Da alfahari na faɗi wannan.

Ya duba. "Dami talatin da takwas. Ka je gida da kakar bara?"

"Na je."

"Wa ya jera geron a rumbu?"

"Ni da ƙannena."

"Nawa kuka jera?"

Na buɗe baki, sai amsar ta riga ni isowa. Casa'in da huɗu. Ni na riƙa jan layi da gawayi a jikin rumbu, duk dami biyar in ja ɗaya. Bayana ya yi kwana uku yana ciwo. Na san wannan adadin kamar yadda na san sunana, kuma wata bakwai ina kallon talatin da takwas a kwamfuta, na yi masa kala, na saka shi a zane, ban taɓa haɗa su biyun a kaina ba. Gumi ya tsattsafo min a cikin kwat ɗin mutane. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har kunnuwana suka yi zafi.

"Casa'in da huɗu, yallaɓai," na ce, da muryar da ni ma da ƙyar na ji.

Wani a bayan ɗaki ya yi tari irin na mai danne dariya. Farfesa ya juya ga sauran malaman ya yi musu bayani da Turanci, a natse, kamar ba a kaina ake magana ba. Ya ce a ƙauyukanmu babu mai hankalin da zai zauna a bainar jama'a ya ambaci amfanin gonar da ya fi na wanda ya girme shi. In babba ya ce sittin, na ƙasa da shi zai nemi abin da bai kai sittin ba ya faɗa, ko da rumbunansa uku. Na bayansa ma haka, har a kai kan ƙarami. Duk ɗan ƙauye ya san wannan tun yana tsugunawa a bakin tabarma. Bai kalle ni ba da ya faɗi "duk ɗan ƙauye", amma sauran sun kalle ni.

Sai ya dawo kaina. "Wannan da ka cire, ka ce ya yi ƙari. A ina ka same shi?"

"A tasha."

"Da wa da wa?"

"Shi kaɗai ne, yallaɓai."

"To. Cikin mutum hamsin da uku, mutum ɗaya ya gaya maka abin da ke rumbunsa, shi ne ka kora." Ya rufe kundin. "Lissafinka babu kuskure, na bi shi. Ka auna ladabin mutanen garinku, kuma ka auna shi da kyau. Saura gero."

A nan dariyar da ake dannewa ta ƙwace. Hukuncin bai ɗauki minti biyar ba. Geron bara an ci rabinsa, ba shi ƙirguwa, don haka sai in jira kaka mai zuwa, in bi gonaki in ƙirga dammunan da idona, in sake rubutawa. Ma'ana 'yan ajinmu za su fita su bar ni. A baranda Dakta Asabe ta tsaya a gabana, na shirya jin faɗa. Ta ce, "Gida-gida na ce maka." Ta wuce ofis. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya hawa motar Ɗambatta. Na sami Baba a zaure bayan la'asar yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa, na zayyana masa komai, har da ƙarin shekarar. Bai daina abin da yake yi ba sai da na kai ƙarshe.

"Yo ni zan buɗe baki a gaban Mai unguwa da yayyena in ce na fi su gero?" ya ce. "A ce da ni me? Ai tambayar da ka yi ta zaure ce, ba ta bainar jama'a ba. Da nan ka same ni da na gaya maka, ko da yake ma ka sani."

"Amma Baba, kana gani ina rubutawa."

"Na gani. Kowa ma ya gani. Ai bayan ka tafi, zancenka aka yi ta yi har magariba." Ya ajiye fartanyar. "Mai unguwa da bakinsa ya ce, ku dubi yaron nan. Da hannunsa ya jera geron ubansa, ya san adadinsa, amma ya ji uban ya ce talatin da takwas, ko ɗaga kai bai yi ba, ya rubuta. Ya ce wannan boko bai ɓata shi ba. Wallahi ranar na fi jin daɗi a kan ranar da ka samu jami'ar. Ni na ɗauka in ka koma can za ka gyara abinka."

Mutumin da na jawo wa jin kunya a gari, ga shi yana gaya min ranar da ya fi alfahari da ni, kuma ranar ce na fi kowace rana wauta. Tausayinsa ya kama ni, dariya ma ta so kama ni, na haɗiye duka biyun. Ban gaya masa cewa ban lura ba ne kawai. Har yau ban gaya masa ba.

"Mutane fa, Baba? Ka riga ka ce musu bana."

"Zan ce musu baɗi," ya ce, ya ɗauki fartanyarsa. "Bana kuma na samu mai ɗaurin dami."

Haka aka yi. Da kaka ta zo na bi gonaki da ƙafa, na ƙirga dammuna ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi ya ci wuyana son ransa, yayin da 'yan ajinmu ke turo hotunansu da kakin bautar ƙasa. Sabon zanen ya fito a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Tsufa bai ƙara wa kowa ko zangarniya ɗaya ba, taki ya ɗan taimaka, ba sosai ba. Aka ba ni makin da ya ishe ni fita, na karɓa hannu biyu.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma shekara guda na biya kafin na same shi: kafin ka rubuta amsar da Bahaushe ya ba ka, ɗaga kai ka ga wa ke zaune kusa da shi. Har gobe a ƙauyenmu in yaro ya yi rashin kunya, da ni ake yi masa misali wajen ladabi. A sashenmu ma na ji ana misali da ni, a darasin farko na yadda ake tattara bayanai, sai dai sun yi min alfarma ba sa faɗin sunana.